Ɗaukaka Ƙara Bayan An Ɗaure Direba Kan Tuƙin Maye da Ya Ci Rai: Jagora Ga Iyalai a Kumasi

Wata Hajiya daga Aboabo ta taɓa shigowa ofishin lauyan da nake yi wa aikin akawu a Adum, tana riƙe da baƙar leda da ta ƙulle bakinta sau biyu. Da ta kwance, sai ga kofin lasisin tuƙin ɗanta, da katin asibiti, da hoton motar da gabanta ya lotse, da wasiƙar da dattawan unguwa suka sa wa hannu suna shaidar cewa yaron mai ladabi ne. Ta ce, "Malam, sun ɗaure mini yaro, an ce mini a nan ake rubuta wa babban alƙali roƙo." Na ce, "Hajiya, yaushe aka yanke hukuncin?" Ta lissafa da Juma'o'i, muka tarar kwana 26 ke nan. Saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika, kuma a cikin duk abin da ke ledar babu takarda ɗaya daga cikin waɗanda kotun sama za ta fara nema.

Mutanenmu da yawa suna ɗaukar ɗaukaka ƙara tamkar kai magana fadar Sarkin Zango, inda manya za su saurari kowa su nemi a yi sassauci. Aikin kotun sama daban ne. Alƙalin da ke can ba ya sake kiran shaidu, ba ya zuwa inda haɗarin ya faru, sau da yawa ma ba ya jin muryar wanda aka ɗaure. Yana karanta abin da aka rubuta a kotun farko ne shafi bayan shafi, yana neman kuskuren da ya kai a taɓa hukuncin. Don haka abu biyu ne ke riƙe da wannan aiki daga farkonsa har ƙarshensa, wato lokaci da rubutu.

Ina kuma roƙon mai karatu kada ya manta cewa akwai gidan da aka yi zaman makoki saboda wannan haɗari. Doka ta ba duk wanda aka yanke wa hukunci damar ɗaukaka ƙara, kuma amfani da wannan dama ba raina jinin mamaci ba ne. Amma wanda ya san a ransa cewa ya sha ya hau sitiyari, bai dace ya nemi a gina masa ƙarya ba. Irin wannan mutum, hanyar da ta fi dacewa da shi sau da yawa ita ce ya ƙalubalanci tsawon ɗaurin kawai, kuma zan yi bayanin hakan a gaba.

Laifin da aka same shi da shi, da kotun da ta yanke

Matakin farko shi ne ku samo takardar tuhuma da takardar hukunci, domin "ya kaɗe mutum yana cikin maye" magana ce ta bakin titi, a kotu kuwa tana iya zama laifuffuka daban-daban. Dokar Zirga-zirgar Hanya ta Ghana ta 2004, wato Doka ta 683, ta ware tuƙin ganganci a sashe na 1, tuƙin sakaci a sashe na 3, sannan a sashe na 4 ta kawo tuƙi a lokacin da giya ko ƙwaya ta rinjayi mutum har ba ya iya sarrafa mota yadda ya kamata. Akwai kuma laifin tuƙi da giya a jiki fiye da ma'aunin da doka ta ƙayyade, wanda dokar 2004 ta sa a miligram 80 cikin mililita 100 na jini. Bayan gyaran 2008, tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa yana ɗauke da ɗaurin shekara 3 zuwa 7. An yi wa wannan doka gyara fiye da sau ɗaya, saboda haka lauya zai duba yadda take a ranar da haɗarin ya faru, domin sashe na 19 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya hana a yi wa mutum horon da ya fi wanda doka ta tanada a lokacin da ya aikata laifin.

Idan ofishin Antoni-Janar, wato babban lauyan gwamnati, ya ga abin ya yi muni, yana iya ba da shawarar a tuhumi direba da kisan kai ba da niyya ba a ƙarƙashin Dokar Laifuffuka ta 1960, Doka ta 29. Wannan babban laifi ne da ake shari'arsa a Babbar Kotu tare da mutum bakwai da ake kira juri, kuma sashe na 51 ya ce sakaci ba ya zama irin wannan kisa sai ya kai matsayin rashin damuwa da ran ɗan'adam kwata-kwata.

Kotun da ta yanke hukunci ita ke nuna inda za a nufa. Daga Kotun Gunduma ko Kotun Sakit, ƙarar laifi tana zuwa Babbar Kotu, inda alƙali ɗaya zai saurara. Daga Babbar Kotu sai Kotun Ɗaukaka Ƙara mai alƙalai uku, wadda ke zama a nan Kumasi, ba sai an je Accra ba. Kotun Ƙoli ce ta ƙarshe, tana Accra, kuma shari'ar da ta faro daga ƙaramar kotu ba ta isa can sai da izini.

Wata ɗaya

Wa'adin shigar da ƙara wata ɗaya ne daga ranar da aka yanke hukunci. Haka sashe na 325 na Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta 1960, Doka ta 30, ya tanada ga ƙarar da za ta je Babbar Kotu, haka kuma Dokar Kotuna ta 1993, Doka ta 459, ta tanada ga wadda za ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara. Abin da ke cinye wannan wata a gidajenmu sananne ne: makon farko ana kuka, na biyu ana jiran kawu ya dawo daga tafiya, na uku ana haɗa kuɗi, na huɗu kuma wani ya ce ya san wani a kotu.

Ba sai kun tara kuɗin shari'ar gaba ɗaya ba kafin a shigar da takardar farko, ba kuma sai an sami kundin shari'ar ba. Lauya zai iya rubuta gajeriyar takarda da ke ɗauke da sunan mai ƙara, da kotun da ta yanke hukunci, da ranar, da dalilan farko, ya kuma bayyana cewa za a ƙara wasu dalilan idan kundin ya fito. Dole takardar ta fayyace ko ana ƙalubalantar samun mutum da laifi ne, ko tsawon horon, ko duka biyun. Wanda ke gidan yari kuma ba shi da lauya yana da damar miƙa takardarsa ta hannun shugaban gidan yarin, shi kuma ya aika wa rajistaran kotu. Idan kun je ziyara Babban Gidan Yarin Kumasi, ku gaya masa wannan, domin ɗaurarru da yawa ba su san da shi ba. Duk takardar da aka shigar, ku karɓi kofi mai hatimin kotu da kwanan wata, ku ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa ba.

Idan wata ya riga ya wuce, ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, amma sai an nemi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa wadda za ta bayyana dalilin jinkirin, ta kuma nuna cewa ƙarar tana da abin dubawa. Rashin lafiya mai takardar asibiti, ko sauya wa ɗaurarre gidan yari zuwa nesa ba da sanin iyalinsa ba, dalilai ne da alƙali zai iya saurara. Wannan alfarma ce a hannun kotu, kuma kowane watan da ya ƙaru yana ƙara mata nauyi.

Kundin shari'a

Kundin shari'a shi ne duk abin da aka rubuta a kotun farko: tuhuma, amsar wanda ake tuhuma, shaidar kowane mai shaida da tambayoyin da aka yi masa, takardun da aka karɓa a matsayin hujja, hukuncin alƙali, da abin da aka faɗa kafin a yanke horo. Sashe na 19(4) na Kundin Tsarin Mulki ya ce idan wanda aka yi wa shari'a ko wakilinsa ya nema, a ba shi kofi cikin lokacin da bai wuce wata 6 ba bayan hukunci. Ku nema a rubuce, ku biya abin da aka ƙayyade a wurin biya na hukuma, ku karɓi rasit, sannan ku wakilta mutum ɗaya mai haƙuri da zai riƙa leƙa ofishin rajistara kowane mako. A nan ne ƙararraki da yawa ke kwana, domin ba za a sa ranar sauraro ba sai an buga kundin an aika shi sama.

Idan ya fito, kada a bar wa lauya karatunsa shi kaɗai. A sami wanda ya iya Turanci kuma ya halarci zaman kotun, ya karanta ya fassara wa iyali, sannan a kai wa ɗaurarren labarin abin da ke ciki. Ku duba ko akwai ranar zaman da babu rubutunta, ko hujjar da aka ambata amma ba a haɗa ta ba, musamman zanen wurin haɗari da 'yan sandan kula da hanya (MTTD) suka yi, da rahoton jami'in hukumar lasisin direbobi da motoci (DVLA) da ya duba motar, da sakamakon gwajin giya, da rahoton binciken gawa.

Dalilan da kotu ke saurara

Sashe na 31 na Doka ta 459 ya ba da hanyoyi uku: hukuncin bai yi daidai da hankali ba ko shaidun ba su ɗauke shi ba, ko an yi kuskure a kan wata mas'ala ta doka ko ta abin da ya faru, ko kuma an tauye adalci. Wannan sashe ya ƙara da cewa kotu za ta kori ƙarar idan kuskuren na tsari ne kawai alhali akwai shaidar da ta tabbatar da laifin. Kuskuren rubuta lambar mota ko sunan titi ba zai buɗe wa kowa ƙofar gidan yari ba. Dalili biyu masu ƙarfi sun fi goma masu rauni, domin alƙalin da ya gaji da karanta raunana yana iya wuce mai ƙarfin bai tsaya a kansa ba.

Zan fara da wanda ya fi shafar mutanen Zango, wato amsa laifi da matsalar harshe. A ƙa'ida, wanda ya amsa laifinsa da bakinsa ba ya dawowa ya ce ba a same shi da laifi daidai ba, sai dai ya yi magana a kan horon. Amma tun 1976, a shari'ar Alpha Zabrama da Jamhuriya, Mai Shari'a Taylor ya bayyana yanayin da za a iya warware irin wannan amsa: idan mutum bai fahimci tuhumar ba, ko bai yi nufin amsawa ba, ko an matsa masa, ko amsar tasa tana da harshen damo, ko kuma bayanin da mai gabatar da ƙara ya karanta bai cika sharuɗɗan laifin ba. A kundin ɗan Hajiyar da na ambata, layi biyu ne kawai a wannan wuri. An rubuta cewa ya amsa laifi tare da bayani, bayanin kuwa shi ne birki ne ya ƙi kamawa a gangare. Ba a rubuta harshen da aka karanta masa tuhumar ba, ba a kuma ambaci tafinta ba. Da lauya ya ziyarce shi, ya ce da Tuwi aka tambaye shi ko shi ne ya kaɗe mutumin, shi kuwa Tuwinsa na tasha ne, na kiran fasinja da ba da canji, sai ya ce e, shi ne. Amsa cewa kai ne ke tuƙi daban, amsa cewa kana cikin maye ko ka yi ganganci daban. Doka ta ce idan bayanin mutum ya nuna yana iya samun kariya, alƙali ya rubuta masa cewa bai amsa laifi ba, a yi cikakkiyar shari'a. Sashe na 19(2)(h) na Kundin Tsarin Mulki kuma ya ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba.

Haka abin yake ga jawabin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda. Sashe na 120 na Dokar Shaida ta 1975 ya ce ikirarin da mutum ya yi yana tsare ba ya karɓuwa sai an yi shi a gaban shaida mai zaman kansa, wanda ke jin harshen da mutumin ya yi magana da shi, ya kuma iya karanta harshen da aka rubuta jawabin, sannan ya tabbatar a rubuce cewa da yardarsa ya yi kuma an karanta masa ya fahimta. Idan direba ya yi magana da Hausa aka rubuta da Turanci ya dangwala yatsa, a duba wane ne wannan shaida, kuma ko yana jin Hausa.

Sai shaidar maye ita kanta. Nauyin tabbatar da laifi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba yana wuyan masu gabatar da ƙara. Idan da na'urar busawa aka gwada, lauya zai bincika wanda ya yi gwajin, da ƙarfe nawa, da ko an kawo sakamakon a rubuce, da ko an nuna cewa na'urar tana aiki daidai. Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai, domin giya tana hauhawa a jini na ɗan lokaci bayan an sha, sannan ta riƙa sauka a hankali, don haka gwajin da aka yi bayan sa'o'i da yawa yana buƙatar bayanin masani kafin a ce ga yadda jinin yake a lokacin haɗari. Idan jini aka ɗiba, sai a bi sawunsa: wa ya ɗiba, wa ya rufe kwalbar ya rubuta suna, wa ya kai ɗakin gwaji, kuma ko wanda ya gwada ya zo kotu an yi masa tambayoyi. Na'urar busawa ba ta gane turamol ko wiwi, saboda haka tuhumar ƙwaya tana buƙatar gwajin jini ko fitsari, ko wata shaida mai ƙarfi. Inda babu gwaji ko ɗaya, sai ɗan sanda ya ce ya ji wari ko ya ga direba yana tangaɗi, ana iya nuna cewa buguwa a kai ko faɗuwar sukari a jini suna kawo tangaɗi da sarƙewar harshe, muddin akwai takardar asibiti a kundin da ke goyon bayan haka. Sai dai in faɗi gaskiya, idan fasinjoji uku sun shaida cewa sun ga direba ya tsaya ya sha kafin ya tashi daga tasha, kuma ba a girgiza shaidarsu ba, rashin na'ura ba zai cece shi ba.

Bayan maye, dole a tabbatar cewa tuƙin ne ya jawo mutuwar. A nan zanen wurin haɗari da rahoton duba mota suke da amfani, domin suna nuna inda aka yi karon, da tsawon sawun birki, da ko akwai lalacewar da ta faru farat ɗaya. Idan wanda aka kaɗe ya yi makonni a asibiti kafin ya rasu, ana buƙatar shaidar likita da za ta haɗa raunin da rasuwar. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, wani lokaci kuma wannan yana sa rahoton binciken gawa ya zo a taƙaice ko a rasa shi a kundin, amma kada a dogara da wannan giɓi idan mutum ya cika nan take a gaban jama'a, domin kotu tana iya gane sanadin mutuwar daga abin da shaidu suka gani. Cewa mamacin ma ya yi sakaci wajen tsallaka titi ba ya wanke direba, sai idan an nuna cewa ko mai cikakken hankali ba zai iya kauce masa ba.

Akwai wasu dalilan da zan ambata a taƙaice. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Baffoe-Bonnie, wajibi ne masu gabatar da ƙara su ba wanda ake tuhuma takardun da ke hannunsu kafin a fara shari'a, har a ƙananan kotuna. Wajibi ne kuma alƙali ya auna bayanin kariya, ko da bai gaskata shi ba, ya duba ko mai yiwuwa ne. A shari'ar juri, jawabin da alƙali ya yi musu kafin su shiga shawara shi ne wurin da ake tonawa, musamman ko ya bambanta musu sakaci na yau da kullum da sakacin da ya kai rashin damuwa da rai. Sabuwar shaida kuwa ba a karɓarta sai da izini, kuma sai an nuna cewa ba yadda za a yi a same ta a lokacin shari'ar farko.

Ƙalubalantar tsawon horo hanya ce mai zaman kanta. Kotun sama tana sa hannu idan horon ya wuce abin da doka ta yarda, ko ya yi tsanani a fili, ko an gina shi bisa kuskuren ƙa'ida. Abin da aka fi mantawa shi ne sashe na 14(6) na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya wajabta a yi la'akari da kwanakin da mutum ya yi a tsare kafin a gama shari'arsa. Ana kuma duba ko alƙali ya lura da cewa laifin farko ne, da shekarun mutum, da amsa laifi da wuri, da ko ya tsaya ya kai wanda ya kaɗe asibiti. Abu biyu ne ya kamata iyali su sani tun kafin su sa rai. Inda doka ta sa mafi ƙarancin ɗauri, kotu ba za ta sauka ƙasa da shi ba muddin laifin yana nan. Sannan sashe na 30 na Doka ta 459 ya ba kotun sama ikon rage horo ko ƙara shi, don haka wanda ya sami sassauci a kotun farko ya yi shawara sosai kafin ya taɓa.

Beli kafin a saurari ƙara

Shigar da ƙara ba ya dakatar da ɗauri. Sai an nemi beli daban a ƙarƙashin sashe na 33 na Doka ta 459, kuma samunsa ya fi na kafin hukunci wuya, tunda yanzu doka tana kallon mutum a matsayin mai laifi. Shari'ar Fynn ta 1971 ita ce ake yawan kafa hujja da ita, kuma daga cikin abin da ake dubawa akwai ko kuskuren hukuncin a bayyane yake, da ko akwai wani yanayi na musamman, da ko mutum zai cinye mafi yawan wa'adinsa kafin a kai ga ƙararsa. Wannan na ƙarshe yana da ƙarfi a gajeren ɗauri, domin ana yafe wa mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku, wato mai shekara 3 yana iya fita bayan kimanin shekara 2, ga kuma hutun manyan kotuna na watannin Agusta da Satumba. Ku tanadi masu tsayawa tun da wuri, mutane masu adireshi tabbatacce da katin shaidar ɗan ƙasa, wani lokaci har da takardun fili ko gida.

Lauya da kuɗi

Ku nemi lauyan da ya saba da ƙarar laifi, ku tambayi lasisinsa na shekarar, ku rubuta yarjejeniyar kuɗi da abin da ta ƙunsa, ko har da neman beli da kuɗin kundi. Wanda ba shi da hali ya je ofishin Hukumar Tallafin Shari'a, wadda Doka ta 977 ta 2018 ta kafa, tana da ofishi a Kumasi. Ina gargaɗi da babbar murya a kan 'yan goron da ke yawo a harabar kotu suna cewa za su ga alƙali ko su ɓatar da fayil. Na ga gidan da ya sayar da fili saboda irin wannan alkawari, kuɗin suka tafi, wa'adin wata ɗaya ma ya wuce suna jira.

Gidan mamaci

Yafewar iyalan mamaci ba ta goge hukunci, domin ƙarar ta Jamhuriya ce, wato ta gwamnati, kuma sulhun da doka ta yarda kotu ta ƙarfafa bai shafi manyan laifuffuka ba. Duk da haka zuwa ta'aziyya da ɗaukar nauyin abin da ya sawwaƙa wajibi ne na mutunci, ga Musulmi kuma akwai maganar diyya da kaffara da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta kawo, wadda malamai za su yi wa iyali bayaninta. A tura dattawa da limami, a je da ladabi, kada a haɗa ta'aziyya da roƙon wani ya sauya shaidarsa, domin wannan sabon laifi ne. Ku ba su bayanin inshorar motar ba tare da ɓoye-ɓoye ba, tunda suna da damar neman diyya ta hanyar ƙarar farar hula, kuma wa'adinta shekara 3 ne. Idan an yi wani taimako, a rubuta shi, lauya zai san ko yana da wurin ambato a maganar horo.

Ranar sauraro da abin da ke biyo baya

Mafi yawan aikin a rubuce ake yin sa. Lauyan mai ƙara zai shigar da jawabinsa yana nuna shafi da layin da kowane kuskure yake, lauyan gwamnati daga ofishin Antoni-Janar ya mayar da amsa, sannan a sa ranar hukunci. Zaman kansa yana iya ƙarewa cikin minti goma, kada wannan ya sa iyali su ɗauka an yi musu riƙon sakainar kashi. Kotu tana iya korar ƙarar, ko ta soke hukuncin ta sallami mutum, ko ta mayar da laifin zuwa ƙarami kamar tuƙin sakaci, ko ta rage horo, ko ta ce a sake shari'ar daga farko. Inda matsalar ta amsa laifi ce ko ta tafinta, sake shari'a abu ne da ya kamata a sa a lissafi, kuma a can shaidu za su zo, komai zai fito fili. Idan an hana shi tuƙi na wani lokaci, lauya ya tabbatar kotu ta faɗi matsayin wannan umarni. Wanda aka wanke bayan ya yi zaman gidan yari yana iya roƙon kotu ta miƙa batun biyansa diyya ga Kotun Ƙoli bisa sashe na 14(7).

Idan an yi nasara, kada kowa ya tafi gida yana jiran a buɗe ƙofa. Jami'an gidan yari ba sa sakin mutum da labarin baki, sai an rubuta umarnin kotu, an sa masa hannu da hatimi, ya isa hannunsu. Wanda kuka wakilta ya zauna a ofishin rajistara har takardar ta fito, ya san ma'aikacin da zai kai ta, ya kuma tabbatar da gidan yarin da ɗaurarren yake a wannan rana, domin idan an riga an mayar da shi gidan yarin Nsawam, can takardar za ta bi shi.